TSOHUWAR MOTAR MIRI: A GYARA TA KO A KAI TA SIKELI?

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauchi

Jama'a, in mutum ya fito daga cikin garin Bauchi ya kama hanyar Jos, da ya wuce Wuntin Dada kaɗan sai ya iske Miri. A wannan gari ne, a bayan wani gida, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, wata tsohuwar Land Rover ta daɗe a kwance. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da kujerar direba akurki, yaran unguwa kuwa sun daɗe suna tuƙa ta da baki zuwa Kano da Ikko. Mai ita ya saye ta ne wajen gwanjon gwamnati, ya yi jigilar buhuna da ita daga ƙauyuka har ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu Allah Ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar arba'in sai ga 'yan gwangwan sun zo da tayinsu, kuɗin da bai kai na sabon babur ba. Babban jikan marigayi, wanda ke neman abinci a kasuwar Mile 12, ya bugo waya ya ce a sayar a huta. Amma ƙanensa, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya gama sakandare bai sami aiki ba, bai kuma taɓa kwance ko da kafireto ba, ya ce shi atafau gyara ta zai yi. Gida ya rabu biyu. Da suka nemi ra'ayina na ce ina bayan yaron, amma da sharaɗi. Na ga ya kamata in kawo maganar a wannan fili, domin na san ba gidansu kaɗai ke da irin wannan gardama ba, kuma sau da yawa ku da ke Kudu ku ne ake bugo wa waya ku yanke hukunci, tun da daga aljihunku kuɗin gida ke fitowa.

ASALIN MOTAR

Bari mu fara da sanin abin da ake shirin ɗora wa sikeli. An fara nuna wa duniya Land Rover ran 30 ga watan Afrilu 1948 a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Kamfanin Rover na Ingila ne ya ƙera ta a garin Solihull, bisa ga tunanin wasu 'yan'uwa biyu, Maurice Wilks da wansa Spencer. A lokacin an fito daga Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarfe ya yi wuya a Ingila, sai suka yi bodinta da alminiyam. Abin da aka yi don dole shi ya zama sirrin daɗewarta, domin alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Samfuri na biyu ya fito a 1958, aka yi masa kwaskwarima a 1961, sa'an nan samfuri na uku ya fito a 1971 aka yi ta ƙera shi har 1985. Ta Miri samfuri na uku ce, doguwa, mai tazarar inci 109 tsakanin tayoyin gaba da na baya. Gajeriyar kuwa inci 88 ce.

Ni ban tarar da zamanin En'e ba, amma duk dattijon da ka zauna da shi a ƙofar fada ko a tasha zai ba ka labarinta. Ita Di'o ke shiga ya fita rangadi. Ita malaman dabbobi suka bi Fulani da ita rugage lokacin babban yaƙi da cutar bushiya da aka fara a 1962. Ita ce motar malaman gona, da 'yan sanda, da ma'aikatan asibiti, da masu gadin daji. Yankari, wadda aka keɓe a 1956 aka kuma buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, ba a iya ratsa ta da ƙaramar mota, sai irin wannan. Kafin kwalta ta kai ƙauyukan Ningi da Toro da Alkaleri, in ka ji ƙugin mota da damina, to, ita ce.

Har ila yau ba baƙuwa ba ce ƙwarai. An taɓa harhaɗa Land Rover a nan Nijeriya, a masana'antar Leyland ta Ibadan, a zamanin da Peugeot ta buɗe a Kaduna a 1975, Volkswagen na Ikko, Fiat na Kano, mu kuma a Bauchi muna da Steyr mai haɗa tarakta da manyan motoci. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 waɗannan masana'antu suka shiga halin ni 'yasu, muka koma dogaro da motocin da Turawa suka gama yayi. Ma'aikatan da suka koyi aiki a waɗancan wurare yau sun tsufa. Ran 29 ga Janairu 2016 kuwa kamfanin ya ƙera ta ƙarshe cikin jikokin wannan tsohon samfuri, wadda tun 1990 ake kira Defender. Watau duk wadda aka sare yau, ta tafi ke nan, ba a yin wata irinta.

INDA TAKE ƘAREWA

Ku da ke Kudu kun fi ni sanin inda take ƙarewa. Kuna ganin tireloli shaƙe da tsohon ƙarfe suna gangarowa daga Arewa zuwa masana'antun narka ƙarfe na wajen Ikorodu da Ogijo. Casis da injin su tafi can su zama rodin gini. Bodin kuwa ba ya ma nisa, maƙeran gida ne za su narka shi su zuba tukwane da ludaya. Ba na zargin 'yan gwangwan, sana'a ce ta halal, kuma 'yan'uwanmu da yawa da ita suke riƙe da iyali. Abin da nake cewa shi ne, ba kowane ƙarfe ne ya kai lokacin sikeli ba. Mai sayen gwangwan nauyi yake biya. Ba ya biyan ko kwabo don giyar tana shiga, ko don casis ɗin bai ruɓe ba.

Ga kuma wani abu da mutanenmu ba su cika lura da shi ba. A Ingila gishiri ake barbaɗa wa tituna lokacin sanyi, shi ke cinye casis ɗin motocinsu. A Ikko iskar teku ke yin wannan ɓarna. Amma motar da ta kwana shekara ashirin a busasshiyar iskar Bauchi, sau da yawa ƙashin bayanta na nan garau. Abin da Turawa ke nema ido rufe, mu muna da shi a bayan gida kaji na kwana ciki. A 2016 kamfanin da kansa ya shelanta cewa zai nemo guda 25 na samfurin farko ya sabunta su ya sayar wa masu sha'awa da tsada. In masu ita sun koma tsintar tsofaffin, mu me ya sa muke gaggawar sarewa?

Amma fa kada wani ya karanta wannan ya fara lissafin miliyoyi. Ta Miri ba irin waccan ba ce, an yi ire-irenta da yawa, kuma ba don a sayar wa Bature na goyi bayan yaron ba. Dalilina biyu ne: aiki da ilmi.

Ta fuskar aiki, har gobe akwai ƙauyukan da in ruwa ya sauka, babur ne kaɗai ke shiga, mai naƙuda a kan babur ake fito da ita, buhun masara kuwa sai ya jira kaka ta wuce. Wannan mota don irin wannan hanya aka yi ta. Kusa da giya akwai wasu sanduna biyu, mai jan kai da mai rawayan kai. In ka danna mai rawaya, tayoyi huɗu duka su ɗauki aiki. In ka jawo mai ja baya, ta koma tafiyar kunkuru mai ƙarfin giwa, ta fita daga laka ko yashi da kayanta.

Ta fuskar ilmi kuwa, ban san wata makarantar makanikanci da ta fi ta ba. Ba kwamfuta a jikinta. Injin mai fistin huɗu ne, lita biyu da kwata, in ka ɗaga bonet kome na fili kana gani: ga kafireto, ga fulogi, ga lagireto, ga inda wuta ke bi. Yawancin bodin da noti aka ɗaure shi, mutum biyu za su iya sauke shi gaɓa gaɓa. Motocin yau in sun tsaya sai an jona masu na'ura ta faɗi ciwonsu, yaro ya sake abin da aka ce ya sake, bai san dalili ba. Wanda ya kwance wannan ya ɗaura da hannunsa, ya san dalili, kuma in ya je gaban ta zamani ba zai zama baƙo ba.

HUJJAR WAN

To, amma a yi adalci, wan da ke Mile 12 ba shirme ya faɗa ba. Ya ce motar mashayiyar mai ce. Gaskiya ne, mai amfani da fetur ba ta wuce kilomita 6 ko 7 a lita ɗaya, kuma tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. Ya ce ba ta gudu. Wannan ma haka ne, kilomita 80 a sa'a ya ishe ta, sitiyarinta na da nauyi, birkinta na da ne, ba ta da abubuwan kare rai irin na motocin yanzu. Ya ce da kuɗin gyaran gara a haɗa wa yaron Keke Napep ya fara kawo na cefane gobe. Ya kuma ce ya sha ganin motocin da aka kwance da zumuɗi, aka watsar da kayan cikin buhu, ƙarshe ko 'yan gwangwan sai da suka rage tayi.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kama ni, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amsata ita ce, ba wanda ya ce a yi haya da ita tsakanin Bauchi da Jos, nan ƙananan motoci za su kashe ta a kasuwa. Wurinta shi ne inda su ba sa iya zuwa, inda mai kaya zai biya don ba shi da zaɓi. Keke kuwa, unguwa ta cika da su, kuma in ya tsufa yaron bai ƙaru da kome ba sai tuƙi. Maganar watsar da aiki kuma, maganinta tsari. Shi ya kawo ni ga sharuɗɗan da na gindaya wa yaron, waɗanda na tattaro daga bakin tsofaffin makanikai, ba daga kaina ba.

SHARUƊƊA GA MAI FARAWA

Na farko, kafin a taɓa sifana a raba gardamar gado. Mota ta magada ce duka, har da mata da ƙananan yara. A kira malami, a yi mata kuɗi, a san rabon kowa, yaron ya biya sannu a hankali ko su yafe masa a gaban shaidu. In ba haka ba, ranar da ta tashi ta yi kyau, ranar ce masu rabo za su tuna da ita. A nemo takardunta, da rasit ɗin gwanjo, a duba lambar casis ta dace da ta takarda. A kuma duba ɓangaren da sitiyari yake. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, saboda haka yawancin waɗanda suka shigo kafin nan sitiyarinsu na dama, hukumar kiyaye haɗura kuwa ba ta yarda da irinsu a kan titi ba. Ta Miri ta tsira daga wannan, nata na hagu.

Na biyu, ya nemi ubangida. Littafin gyaran motar yana nan, hotuna masu motsi na koyarwa sun cika intanet, amma ba ɗayansu da zai kasa kunne ya ji ƙarar injin ya ce maka ga inda ciwon yake. Ya je gareji ya durƙusa wa dattijon da ya yi aikin irinta, ya yi masa wankin noti da aike, kamar yadda kowa ya koya.

Na uku, a fara da ƙashin baya, ba da fenti ba. Wannan shi ne kuskuren kowane sabon shiga, ya kashe kuɗinsa wajen fenti da kujeru, mota na ƙyalli ba ta motsi. A wanke ƙarƙashinta, a bi casis da ƙaramar guduma ana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara tangaran lafiya lau, inda ya yi bif tsatsa ta ci. A fi mai da hankali ga gindin baya, da wuraren da sifirin ke rataye, da bangon ƙarfen da ya raba injin da ƙafafun direba, domin shi ba alminiyam ba ne. In casis ya ruɓe ko'ina, to, a nan ni ma zan ce wan ya yi gaskiya, a sayar da kayan ɗaya ɗaya ga masu irinta. A kuma sani mai waldar ƙofa ba ya waldar alminiyam, in ya sa wuta sai dai ya huda.

Na huɗu, kada a ɗaura batir a murɗa makulli don ɗokin jin ƙara. Injin da ya daɗe a kwance fistin ɗinsa kan kafe. A cire fulogi, a ɗiga mai cikin ramukan, a bar shi kwanaki ya jiƙa, sa'an nan a juya shi da hannu, tun da tana da ƙarfen juyawa ta gaba. A zubar da tsohon baƙin mai, a wanke tanki, a wanke kafireto, a sake duk robar da ta bushe. A duba wayoyi da kyau, ɓeraye sun yi shekaru suna aikinsu, waya tsirara kusa da fetur kuwa gobara ce. Akwatin giya da aksil na gaba da na baya duk mai suke sha, mai kauri lamba 90, a duba kowanne.

Na biyar, birki kafin tafiya. Motar da ba ta tashi ba ba ta kashe kowa, wadda ta tashi ba ta tsayawa ita ce masifa. A sake robobin birki da bututun da suka tsufa da man birki gaba ɗaya, ba tare da tsumulmula ba. Kada kuma a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da abin da ba ya gocewa. Tayoyin da suka shekara goma a rana, ko zanensu na nan, sun mutu.

Na shida, kada a kwance kome da kome rana ɗaya. A gama gaɓa ɗaya kafin a taɓa ta biyu. A ɗauki hoton kowane abu da waya kafin a cire, a zuba notinsa a gwangwani a rubuta suna. Notinta da yawa na awon inci ne, in ka matsa masu sifanar milimita sai ka cinye kansu, saboda haka a nemi sifanar da ta dace. A kuma sami littafi ana rubuta duk kwabon da ya fita. Sannu ba ta hana zuwa.

RABONKU A CIKI

Yanzu sai ku, 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu da sauran wurare. Ba na ce ku zuba kuɗi a rami ba. Ga shawarar da na ba wan: kada ya aiko da kuɗi dunƙule. Ya ce wa ƙanen, nuna mini casis lafiya yake, in biya na birki. Nuna mini injin ya juya, in biya na taya. In yaron ya gaji a hanya, hasarar kaɗan ce, 'yan gwangwan kuma ba inda za su, nauyin ƙarfen na nan. In kuwa ya kai gaci, gida ya sami mota ya sami makaniki. Sayarwa ce kaɗai ba a dawowa daga gare ta.

Bugu da ƙari, kun fi mu kusa da kaya. Abin da aka rasa a Bauchi, ko a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, sau da yawa yana Ladipo a Mushin ko Agodi Gate a Ibadan. Direbobinmu na manyan motoci kullum suna tasowa daga Apapa zuwa gida. Ƙaramin kwali a gefen kujera ba zai yi masu nauyi ba. Ku kuma masu sana'ar gwangwan, in irin wannan mota ta faɗo hannunku, kafin ku sa mata wuta ku cire giya da aksil da ƙofofi ku ajiye, za ku sami wanda zai saya fiye da farashin sikeli.

Ga hukuma kuma ina da roƙo. A bayan ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi akwai gawarwakin motoci, Land Rover da tsofaffin Toyota Land Cruiser, ciyawa ta rufe su, suna jiran ranar gwanjo. Me zai hana a ware kaɗan a miƙa wa makarantun koyon sana'a da kwalejojin fasaha, irin ta Abubakar Tatari Ali da ke nan maƙwabtaka da Miri, da ta Tarayya da ke Gwallameji? A ɗauko tsofaffin makanikan nan a ba su ɗan alawus su koyar, tun suna da sauran gani. Motar da ɗalibai suka tayar a kai ta Yankari ta ɗauki baƙi zuwa ruwan Wikki, ko a ba wani asibitin ƙauye. Kullum muna kukan samari ba aikin yi, ga kayan koyarwa kuwa tsatsa na ci kyauta.

Makon jiya na sake bi ta Miri. An kori kajin, an tono tayoyin, an ɗora motar a kan kututture. Na tarar da yaron kwance a ƙasa da guduma a hannu, wani dattijo na zaune bisa benci yana ce masa, "Ƙara bugawa can gaba, yaro, ban ji da kyau ba." Ya ce, "To, Baba." Injin bai tashi ba tukuna, ban kuma yi wa kowa alkawarin zai tashi ba. Amma yaron da watanni biyu baya ke kwana a bakin titi yana latsa waya, yau ya san bambancin ƙarar lafiyayyen ƙarfe da ruɓaɓɓe. Wan ya aiko da kuɗin birki.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. In an bugo maku waya daga gida ana neman izinin kai ta marigayi sikeli, ku ce a dakata, a ƙwanƙwasa tukuna. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa wa neman kowa albarka, Ya maido ku gida lafiya, amin.